Tumatirin Damina a Igabi: Maganin da Ke Zama a Kan Ganye da Wanda Ke Shiga Jiki

Gonar da mai ita

Gonar rabin hekta ce, a gefen wani rafi da ke zuba cikin Kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Igabi. Mai ita magidanci ne da ya haura shekara hamsin, manomin masara da damina, ɗan lambu da rani. Tumatir ba baƙonsa ba ne. Ya yi shekaru yana dasa shi bayan kaka, ya ɗiba tsakanin Janairu da Maris, lokacin da kowa ke ɗiba, kwando ya faɗi warwas a kasuwa. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne tumatirin damina. Duk mai cefane a Kaduna ya san idan ruwa ya sauka masu lambu sun tashi, tumatir ya yi wuya, kuɗinsa ya hau. Wannan tsadar ce ta ja ra'ayinsa.

Sai dai lambun rani daban, gonar damina daban. Da rani ruwa ta ƙasa yake bi, ganye a bushe yake wuni, a bushe yake kwana. Da damina kuwa yankin Kaduna na samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma a cikin marka ganye na iya yin kwana biyu bai bushe ba.

Kayan aikinsa injin feshi ne na goyo mai cin lita 16, wanda bakinsa ya tsufa har yana zubar da ruwa maimakon ya watsa shi. Ma'auninsa murfin kwalba ne, idan gari ne kuma gwangwanin madara. A wajensa magani kashi biyu ne, na ciyawa da na ƙwari, na ƙwarin kuma akwai mai zafi akwai marar ƙarfi. Mai zafi shi ne wanda warinsa ke hawa kai, wanda kana fesawa kana ganin ƙwari na zubowa.

Yuni zuwa tsakiyar Yuli: reno da dashe

Ya zuba iri a makon farko na Yuni, irin Roma da ya saba da shi a lambu. Komin renon a fili yake, ba rufi, kuma taku kaɗan ne tsakaninsa da ragowar barkono da gautan da aka bari tun rani. Bayan mako huɗu ya yi dashe a kan kunya. Bai kafa sanduna ba, bai shimfiɗa komai a gindin shukar ba. Ya sa taki, tumatir ya kama, ya yi kore shar. Har tsakiyar Yuli ba abin da ya dame shi.

Ƙarshen Yuli: farin ƙuda

A mako na uku bayan dashe ya lura idan ya taɓa shuka wasu ƙananan fararen ƙwari na tashi. A gefen da ke kusa da tsohon barkonon kuma tohon wasu tsirrai ya fara nannaɗewa, ganyen ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo.

Ya ɗauko abin da ya saba, lamda-sihalotirin, ya fesa da hantsi, yana tafe yana kaɗa sandar injin a saman shuka. Tanki huɗu ya ishe shi gonar duka. Ƙwarin suka ragu kwana biyu, suka dawo. Ya sake fesawa bayan kwana biyar, ya ƙara murfi ɗaya a kowane tanki. Suka sake dawowa. A karo na uku ya sauya zuwa sifametirin, yana ganin ya canja magani, alhali su biyun dangi ɗaya ne, hanya ɗaya suke kashe ƙwaro.

Waɗannan magunguna sai sun taɓa jikin ƙwaro suke aiki. Ba sa shiga cikin shuka. Inda ɗigon ya faɗa, nan ya tsaya. Farin ƙuda kuma a ƙarƙashin ganye yake rayuwa: nan yake ƙwai, nan 'ya'yansa ke manne, ba sa motsi, suna tsotson ruwan shuka. Feshin da ya sauka a saman ganye manyan da suka tashi sama kawai ya samu. Ƙwai da 'ya'yan da ke ƙasa ko ɗigo bai kai musu ba, bayan 'yan kwanaki su ne suka zama manya. Ga shi kuma a ƙasashe da yawa farin ƙuda ya daɗe da sabawa da wannan dangin magani. Waɗanda feshin ya kashe da gaske su ne ƙwarin da ke farautar farin ƙudan, domin su a sarari suke yawo.

Nannaɗewar ganyen kuwa wata magana ce. Cutar bairos ce da farin ƙuda ke ɗaukowa daga shuka mai ciwo ya zuba wa mai lafiya yayin tsotso, kuma alamarta ba ta fitowa sai bayan mako biyu zuwa uku. Wato tsirran da ya ga sun nannaɗe a ƙarshen Yuli sun kamu ne tun wajen dashe, wasu ma tun a komin reno. Babu maganin feshi, ko wane iri ne, da ke fitar da bairos daga shukar da ya shiga.

Farkon Agusta: ɗigo-ɗigo a ganyen ƙasa

Marka ta kama. A makon farko na Agusta ganyen da ke kusa da ƙasa suka fara fitar da tabo ruwan ƙasa. Idan ka ɗaga ganyen ka duba da kyau, kowane tabo da zobe-zobe a cikinsa, ɗaya cikin ɗaya, kewaye da shi kuma rawaya. Tabon ya yi ta faɗaɗa har ya haɗe, ganyen ya bushe ya rataye. Ciwon daga ƙasa yake hawa sama, hawa-hawa.

Manomin ya ɗauka ƙwari ne ke cin ganyen da dare, ya sake yin feshin maganin ƙwari. Wannan shi ne feshi na huɗu, kuma bai taɓa komai ba, domin ba ƙwaro ba ne. Cutar fangas ce, wato dangin funfuna, da masana ke kira Alternaria. Tana zama a ƙasa da ragowar tsohon amfani, ruwan sama ya daki ƙasa ya fantsamo ta kan ganyen da ke kusa, ɗumi da laima su ba ta damar tsirowa ta huda ganye ta shiga. Shukar da ke kwance a kan kunya ba sanda, ba shimfiɗa a gindi, ta ba ta duk abin da take so.

Wani maƙwabcinsa ne ya ce masa wannan ciwon ganye ne, ya nemi garin nan mai launin rawaya. Ya sayo mankozeb. A ranar 12 ga wata ya fesa da yamma, hadari na haɗowa a gabas. Ba a yi awa ɗaya ba ruwa ya tsuge. Da safe ba ko alamar garin a ganye. Ya sake fesawa bayan kwana huɗu, wannan karon ruwa bai zo ba sai washegari da dare, amma tabon da ke jikin ganye ko gezau, sai ma ƙaruwa. Ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu.

Mankozeb ba jabu ba ne a nan, aikin da ba nasa ba aka ba shi. Shi ma a kan ganye yake zama. Yana shimfiɗuwa ne a fatar ganyen, idan ƙwayar fangas ta sauka tana son tsirowa ya kashe ta kafin ta shiga. Wadda ta riga ta shiga ta fi ƙarfinsa. Tabon da ido ke gani yau, cutar ta shiga ne kwanaki da suka wuce, kuma akwai wasu da suka shiga ba su bayyana ba tukuna. Saboda haka ko feshin ya yi kyau sai an ga sabon tabo na 'yan kwanaki. Sannan yana buƙatar ya bushe a ganye kafin ruwa, ruwa mai ƙarfi na rage shi ko da ya bushe, kuma duk ganyen da ya toho bayan feshi tsirara yake. Shi ya sa ake maimaita shi duk kwana 7 zuwa 10. Amfaninsa babba shi ne ta hanyoyi da yawa yake kai wa fangas hari a lokaci guda, don haka tun shekarun 1960 ake amfani da shi cututtuka ba su saba da shi yadda suka saba da wasu ba.

Tsakiyar Agusta: "mai shiga jiki"

Ya shiga gari, ya kai kuka wani shagon maganin gona. Bai tafi da ganye ba, da baki ya yi bayani. Yaron shagon ya saurara ya ce, "Baba, ai wancan ruwa ke wanke shi. Ga wanda ke shiga jikin shuka, ko yanzu aka yi ruwa ba ruwansa." Ya miƙo masa ƙunshin da ya ninka na farko tsada. Haɗin metalaksil ne da mankozeb.

Yaron bai yi ƙarya ba. Metalaksil na shiga cikin shuka cikin 'yan awoyi, ya bi hanyar ruwa ya hau zuwa sabon toho. Amma yana da waɗanda yake kamawa. Aikinsa a kan wani rukuni ne na daban, irin cutar da ke ƙone dankalin turawa a wurare masu sanyi da laima irin su Filato, da masu ruɓar da tsiro a komin reno. Alternaria ba ta cikinsu. Abin da ya yi aiki a cikin wannan ƙunshi mai tsada shi ne mankozeb ɗin da ke ciki, wato abin da manomin ke da ragowarsa a gida.

Dalilin haɗa su ma abin sani ne. An fito da metalaksil a ƙarshen shekarun 1970, aka yi ta fesa shi shi kaɗai saboda kyan aikinsa. Zuwa 1980 cutar dankali a Ayalan da Holan ta saba da shi. Tun daga nan kamfanoni ke gauraya shi da maganin da ke zama a kan ganye, don wanda ya tsere wa ɗaya ya faɗa hannun ɗayan.

Ya fesa haɗin sau biyu, tsakaninsu mako guda. Ciwon ya ɗan rage gudu, bai tsaya ba. Zuwa ranar 25 ga Agusta kusan kashi ɗaya cikin uku na ganyen kowace shuka, daga ƙasa, ya ƙone. Tumatir ya fara 'ya'ya.

Ƙarshen Agusta: zuwan malamin gona

Ɗansa ne ya ɗauki hoton ganyen a waya ya tura wa wani malamin gona da ke zagaya yankin. Malamin ya ce hoto ba zai wadatar ba, ya zo da kansa.

Bai tambayi wane magani aka fesa ba sai da ya gama zagaye. Ya tsuguna yana juya ganye yana duba ƙarƙashinsa. Ya tsinko uku ya jera a tafin hannu, ya ce, "Baba, ciwo uku ne a gonar nan, ba ɗaya ba." Na farko mai nannaɗewa, ya ce wannan ya riga ya tafi. Na biyu mai zobe, ya ce wannan ana iya tare shi. Na ukun manomin bai ma lura da shi ba. Wani farin fili ne a tsakiyar ganye, fatar sama da ta ƙasa suna nan, naman tsakiyar babu. Malamin ya ɗaga shi saitin rana, sai ga 'yar tsutsa a ciki tana motsi, ga baƙin kashinta a tare a gefe guda. Manomin ya ce, "Malam, ba dai sharon ba?" Ya ce ita ce, amma yanzu ta fara.

Daga nan ya ce a kawo duk kwalabe da ledojin da aka yi amfani da su. Ya nuna masa cewa babban sunan da ke gaban kwalba na kamfani ne, ainihin maganin a ƙananan haruffa yake a ƙasa, kuma kwalba biyu masu suna daban na iya zama abu ɗaya. Ya nuna masa lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da zanen launin da ke gindin takardar: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Bambancin magungunan kuwa ya yi masa shi a taƙaice, ya ce akwai na shafawa akwai na sha, kuma ba a ba mai ƙaiƙayin fata abin da ake ba mai ciwon ciki.

Sai ya sa ɗan manomin ya cika tanki da ruwa zalla ya fesa kunya ɗaya yadda suka saba. Suka bi baya suna juya ganye. Saman ya jiƙe har yana ɗiga, ƙarƙashin a bushe ƙamas, ganyen tsakiyar shuka ma haka. Tanki huɗu lita 64 ke nan a rabin hekta. Ga tumatirin da ya kai wannan girma, malamin ya ce a yi tanki 10 zuwa 12, a sauya bakin injin, a riƙa shigar da sandar ta ƙasa ana ɗago ta sama.

Abin da aka tsara, mafi yawansa ba feshi ba ne. Aka tumɓuke duk tsirran da suka nannaɗe aka binne su nesa. Aka share tsohon barkono da gautan. Aka tsinke ganyen ƙasa masu tabo a ranar da gari ya bushe, aka fitar da su daga gonar a buhu. Aka kafa sanduna aka ɗaure shukar da ta yiwu a ɗaga, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don ruwa ya daina fantsamo ƙasa.

A ɓangaren fangas malamin ya rubuta masa haɗin azoksistirobin da difenokonazol. Su biyun suna ratsa ganye, kuma suna kama Alternaria. Suna iya tsayar da cutar da ta shiga kwana ɗaya zuwa uku da suka wuce, wadda ba ta kai ga yin tabo ba. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba. Ya ce a fesa shi sau ɗaya, mako mai zuwa a koma mankozeb, a yi ta musanyawa, kar a jera mai shiga jikin fiye da sau biyu. Dalili shi ne irin waɗannan wuri ɗaya suke kama fangas, idan ta samu hanyar kauce wa wurin nan shi ke nan. Lokacin feshi kuma da safe bayan raɓa ta ɗauke, a duba sama tukuna.

Game da farin ƙuda, ya ce da tun wajen dashe aka zuba imidakilofirid a gindi, da saiwa ta sha shi ya hau cikin shuka, duk wanda ya tsotsa ya mutu ko a ina yake ɓoye, har na 'yan makonni. Yanzu kuwa shuka na fure tana 'ya'ya, bai ga dalilin zuba shi ba. Irin wannan magani na iya kai wa ga fure, kuma saboda illarsa ga ƙudan zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan uwansa biyu a fili a 2018. Maƙwabcin gonar na da kuɓewa da kabewa, ƙudan zuma na ta zirga-zirga.

Satumba: sharon

Duk manomin tumatir a Kaduna ya san sunan nan. Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bazu zuwa Afirka, a 2016 ta yi wa tumatirin Arewa ɓarnar da har yau ake tunawa. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, tana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin da abin ya shafa sun lalace. Uwar 'yar ƙaramar halitta ce mai fiffike, ba ta kai santimita ɗaya ba, da dare take yawo. Mace ɗaya na iya yin ƙwai har 260, kuma idan da zafi cikin kamar wata guda an kammala zagaye daga ƙwai zuwa uwa.

Abin da ya sa ta gagari manoma a wancan lokaci shi ne inda tsutsar ke zama. Tana ƙyanƙyashewa ta huda ganye ta shige tsakanin fatunsa biyu, can take ci har ta girma, daga baya ta shiga 'ya'yan, galibi ta wajen hular. Maganin taɓawa a waje yake, ita tana ciki. Sai mutum ya ce to a kawo mai shiga jiki. Nan ma da gyara. Imidakilofirid na shiga jiki sosai, amma gwanintarsa a kan masu tsotso ne, tsutsa ba ta cika jin sa ba. Dole maganin ya cika sharaɗi biyu, ya kai inda take, ya kuma zama mai kashe irinta.

Malamin ya zaɓi emamektin. Wannan yana tsakanin maganin taɓawa da mai shiga jiki: ba ya yawo a jikin shuka daga saiwa zuwa toho, amma yana ratsa ganyen da ya sauka a kai ya zauna a cikin namansa, daidai inda tsutsar ke ci. Rana na lalata wanda ya rage a waje, shi ya sa da yamma aka fesa. Kuma tunda bai wuce ganyen da ya taɓa ba, cika tanki 12 ɗin nan ya zama wajibi. An fesa a makon farko na Satumba, aka maimaita bayan mako guda. Tsakanin haka yara na bi suna tsinke ganyen da ke da fili suna murƙushe tsutsar.

Bayan feshi na farko da kwana uku manomin ya kira malamin yana ƙorafi cewa bai ga komai ya zubo ba. Malamin ya ce ya ɗaga ganye ya duba. Tsutsotsin na ciki, sun yi baƙi, ba sa motsi, filayen ba su ƙara faɗi ba. Zuwa tsakiyar wata sabon toho ya fito ba tabo ba fili. Ganyen ƙasa dai sun tafi, shukar ta tsaya da ƙafa tsirara da kai kore.

An samu tangarɗa ɗaya. A mako na uku ruwa ya jera kwana uku, feshin mankozeb ya wuce lokacinsa da kwana biyar, tabo ya sake fitowa a kunyoyin da ba a samu ɗaure su ba. A waɗanda aka ɗaure kaɗan ne ya fito.

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba: ɗiba

Tumatir ya fara nuna a makon ƙarshe na Satumba. Nan wata matsala ta taso da ba a yi zancenta ba a baya. Kowane magani na da kwanakin da za a jira tsakanin feshi da ɗiba, a rubuce suke a jikin takardarsa, kuma sun bambanta. Manomin ya saba ya fesa yau ya ɗiba gobe, har yana ganin farin garin da ke jikin tumatir shaida ce ga mai saye cewa an kula da shi. Maganin da ke waje wanki na rage shi, ko da yake ba ya cire shi duka. Wanda ya ratsa ciki kuwa ba ruwan da zai kai gare shi, lokaci ne kaɗai ke rage shi.

Aka daina mai shiga jikin kafin ɗibar farko, aka mayar da tsari ya zama a ɗiba tukuna, a fesa a ranar idan da buƙata, a jira kwanakin su cika kafin a sake shiga. Wannan ya sa wata ɗibar ta makara, wasu 'ya'yan suka nuna suka wuce a jiki. Bai ji daɗin haka ba, ya kuma faɗa.

An yi ɗiba har ƙarshen Oktoba. Abin da ya samu bai kai rabin abin da gonar ke ba shi da rani ba. Gefen da bairos ya kama babu abin da ya fito daga cikinsa. Wasu 'ya'yan rana ta ƙona su saboda ganyen da zai yi musu inuwa ya zube. Amma da yake ɗibar farko ta riski sauran tsada, ya mayar da kuɗin iri, taki, magani da ƙwadago, ya samu ɗan abin da ya ɗora.

Abin da lamarin ya nuna

Kafin zuwan malamin gona an yi feshi takwas. Huɗu na maganin ƙwari ne da bai kai inda ƙwarin suke ba, ɗaya daga ciki ma a kan cutar da ba ƙwaro ba. Biyu na mankozeb ne, ɗaya ruwa ya wanke, ɗayan ya zo a makare. Biyu na haɗin metalaksil ne, wanda rabinsa mai tsadar bai da aiki a gonar. A cikin takwas ɗin babu inda aka ga alamar jabun magani. Kowanne ya yi abin da aka yi shi domin ya yi.

A ganina kuskuren da ya fi tsada ba a cikin tanki aka yi shi ba, a komin reno ne. Da an rufe komin da gidan sauro, an share tsohon barkonon, an nemi irin da ke jure cutar nannaɗewa tunda akwai su a kasuwa, da gefen da ya tafi gaba ɗaya bai tafi ba. Na biyunsa shi ne jiran ganin tabo kafin a fara kariya. Mankozeb mai arha, da an fara shi mako biyu bayan dashe a kan shukar da ke ɗaure, da wataƙila ba a kai ga neman mai tsadar ba sai a tsakiyar marka.

Ban yarda da masu cewa mai shiga jiki ya fi ba, ban kuma yarda da masu gudunsa gaba ɗaya ba. A wannan gonar ya yi rana sau biyu, lokacin da fangas ta riga ta shiga ruwa kuma ba ya barin komai a ganye, da lokacin da tsutsa ta ɓuya a cikin ganye. Ya faɗi sau ɗaya, lokacin da aka saye shi don kawai an ce yana shiga jiki, ba a tambayi me yake kashewa ba. Shigarsa ma tana da iyaka: mafi yawansu sama suke hawa da ruwan da shuka ke ja, ba sa saukowa, don haka feshin da aka yi a kan shuka ba zai gangaro ya ceci ganyen ƙasa ko saiwa ba.

Ba za a iya raba rawar da magani ya taka da ta sanda, shimfiɗa da tsinke ganye ba, tunda tare aka yi su, kuma ruwa ya fara ja da baya a daidai lokacin. Abin da ya faru a mako na uku na Satumba dai ya nuna sandar ba ƙaramin aiki ta yi ba. Yaron shago ma ba a ɗora masa laifin duka ba, da baki aka kwatanta masa ciwon, kuma cututtukan ganyen tumatir da yawa a baki kamanninsu ɗaya.

Maganar jiran kwanaki kafin ɗiba ita ce ba ta zauna ba. Manomin ya bi ta a wannan karon saboda malamin na zuwa yana dubawa. A kasuwar da ya kai kayansa ba wanda ya tambaye shi yaushe ya yi feshin ƙarshe, kuma kwandonsa da na wanda ya fesa jiya kuɗi ɗaya dillali ya yi musu.